Ranar da Duba-gari Ya Hau Gadon Jego

Na manta sunayen rabin mutanen da muka yi aiki tare, na manta inda na jefa takardar sallamata daga aiki, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau gadon jego a Wurno ba. Ko da na so in manta ma, mutanen garin nan ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga kasuwa sai wani tsoho da ba shi da haƙori ko ɗaya ya ɗaga hannu daga rumfar albasa ya ce, "Mai jego, ina ƙarhin jiki?" Ni da furfurata, ni da jikokina! Wallahi abin yana ba ni haushi har yau, kuma babban abin haushin shi ne ba ni da wanda zan kama da laifi sai kaina.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Ina matashi, ina aikin duba-gari a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya. Wanda bai riski lokacin ba, duba-gari shi ne ma'aikacin da ke shiga gida gida yana duba tsafta. An kai mu Sakkwato an koya mana aikin na 'yan watanni, aka ba ni rigar kaki da gajeren wando da doguwar safa, da wani ludayi mai dogon hannu na leƙa randar mutane ko akwai 'ya'yan sauro a ciki. Da na dawo Wurno, ƙasa ma da kyar nake taka ta. Mata na jin sallamata sai ka ji gida ya kaure da shara da kife tukwane. Ni a lokacin na ɗauka girmamawa ce. (Daga baya na ji irin addu'o'in da suke bi na da su in na juya baya.)

Abu biyu Baturen da ya koyar da mu ya cusa mini a kai: iska da ruwan kwance. Ya ce ɗakin da ba taga kabari ne, ruwan da ke kwance kuma gidan sauro ne. Saboda haka ina dawowa na ɗauki gatari na fasa wa ɗakin matata taga biyu, manya, waɗanda akuya za ta iya shiga ba tare da ta sunkuya ba. Duk gidan da na shiga sai na yi musu wa'azin taga, in ce su je gidana su ga yadda ake zama.

Na biyun shi ne ya haɗa ni da Arzika. Arzika magini ne, dattijo, gajere, mai magana ƙasa-ƙasa kamar ba ya son a ji. A bayan gidansa akwai wani kududdufi, ramin da yake haƙar jar ƙasa ta gini, wanda ke tara ruwa da damina. Na tsoma ludayina, na ga abin da nake nema, na kai ƙara wurin mai unguwa aka ce a cike ramin. Ranar da ake cikewa Arzika ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ramin ga tun kakana aka ɗibar ƙasa cikinai. Rabin ɗakunan unguwag ga nan sunka hito. In an rufe shi, da mi za mu gini?"

Ni kuwa, a gaban jama'a, na gyara tsayuwa na ce, "Gini wane aiki na? Ƙasa ta da ruwa. Ko'ina ka taka ƙasa ta."

Ya dube ni daga safa har hula, ya ce, "Tau. Allah shi ba mu tsawon rai." Ya juya ya shige gida.

To, a shekarar ne matata Kulu ta yi haihuwar fari. Kamar yadda aka saba, tun cikin ya tsufa aka mayar da ita gidan iyayenta a Rimawa, can ƙasar Goronyo, ta haihu a gaban uwarta. Aka sami mace. Ranar suna na je, na zauna a zaure ina sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata, domin ɗiyar fari ce, ba a nuna ɗoki. Sau ɗaya na saci kallonta da aka fito da ita aski, ban ga komai ba sai ƙeya da kunne guda. Na dawo Wurno ina ƙirga kwanaki. Ba zan ɓoye ba, kewa ta dame ni. Gidan ya yi mini faɗi, tuwon maƙwabta ya ishe ni, kuma ina so in ɗauki ɗiyata in dube ta da kyau inda ba mai ganina.

Arba'in na matsowa, sanyi na shigowa. Wanda bai kwana a Wurno da ɗari ba bai san sanyi ba, irin wanda ke tasowa daga fadama ya shiga ƙashi. Ana haka sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifin Kulu da ke aure a nan Wurno, wadda ita ce ke kai saƙo tsakanina da surukaina. Ta shiga ɗakin Kulu ta tsaya a tsakiya, iska na kaɗa mata mayafi ta gabas da yamma.

Ta ce, "Inna ta ce in gaya ma, ɗiyatta ba ta komowa ɗakin ga mai ƙohwa ukku."

Na ce, "Gwaggo, ƙohwa guda ta. Biyun ga taga na, don lahiya."

Ta ce, "Ko mi na. A liƙe su. Kuma a yi mata gadon wuta kamar kowace mai jego, don haihuwar hwari cikin ɗari gashi bai tsayawa ga arba'in. Nan da kwana goma sha biyu Inna za ta zaka ta gani da idonta. In ta iske ba a yi ba, Kulu da ɗiya suna Rimawa sai ɗari ya wuce."

Sai ɗari ya wuce! Wata uku ke nan ko fi. Gadon wuta kuwa ba wani abin mamaki ba ne, gado ne na ƙasa da ake ginawa a cikin ɗaki da rami a ƙarƙashinsa, a zuba garwashi a ramin, mai jego ta kwanta a sama ta gasa jiki. Kowane gidan kirki akwai shi. Kuma duk unguwarmu mutum ɗaya ne ya iya gina shi.

Sau biyu ina zuwa har ƙofar gidan Arzika ina juyowa. Na farko na tarar da mutane a zaurensa, na wuce kamar kasuwa za ni. Na biyu ba kowa, amma na tuna da maganata ta ranar ramin, sai ƙafata ta ƙi. A hanyar komawa gida na ce wa kaina, ni da na yi makaranta, na san awo, na ga gidajen Turawa a Sakkwato da idona, wai gadon ƙasa ne zai gagare ni? Na yanke shawara zan yi da hannuna.

Na fara da liƙe tagogin. Na so in yi a ɓoye, amma taga ta waje take kallo. Kafin in gama ta farko, mata masu zuwa rijiya sun tsaya da tulunansu suna kallo. Wata da na taɓa kifar mata da randa ta ɗaga murya ta ce, "Malam, iskar ta ƙare?" Na yi kamar ban ji ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce ba komai, gadon zai rufe musu baki.

Saura ƙasa. Ramin jar ƙasa ni na sa aka cike shi, don haka na ari jakin maƙwabcina na gangara fadama, kusa da gonakin albasa, na yi ta jido laka. Ku zo ku ga laka! Baƙa, mai laushi, ba tsakuwa ko ɗaya, tana bin hannu kamar man shanu. Na ce lallai maginan nan wahalar da kansu suke yi. Na san suna kwaɓa ƙasarsu da busasshiyar ciyawa da kashin jaki, su bar ta kwana da kwanaki tana tsima suna juyawa. To ni da nake koyar da tsafta, ni zan sa kashin jaki a gadon da ɗiyata za ta kwanta? Na kwaɓa lakata da ruwan rijiya tsabtatacce a cikin babbar kwatarniya, na hau aiki a ranar. Na tayar da bango huɗu, na auna da rula kowane gefe daidai. Magina itacen giginya suke girkawa a sama kafin su yaɓe, ni kuwa na ga karan dawa ya fi sauƙin samu, na jera shi a tsare, na lafta masa laka mai kauri, na bi da kwalba na goge har yana sheƙi. Da na ja da baya na dube shi, na rantse ko a gidan hakimi ba a yi kamarsa ba.

Kwana uku da gamawa, da hantsi, sai na ji sallama. Arzika ne. Labari ya kai masa. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba, ya dubi gadon, ya daɗe yana dubawa.

"Laka ta?"

"Laka ta."

"Ta hwadama?"

"Awo."

"Mi kas sa cikinta?"

"Ruwa mai tsabta."

"Bisan hwa, mi ka riƙe da shi?"

"Kara."

Ya sosa gemu. Sannan ya ce, da muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa, "Malam, kak ka sa mata wuta." Ya yi sallama ya tafi.

Yanzu ku yi mini adalci. Mutum ya ga ɗan'uwansa Musulmi zai faɗa halaka, sai ya faɗa sau ɗaya, a hankali, ya juya? Ba zai maimaita ba? Ba zai riƙe mini riga ba? Ni na ɗauka hassada ce. (Na san abin da za ku ce, da ya maimaita sau goma ma ba zan ji ba. Gaskiya ne. Amma dai da ya gwada.)

Ranar da aka sa ta zo. Gwaggo ta ce sai la'asar za su iso. Na share gida tas, na shimfiɗa sabuwar tabarma a kan gadon. Da rana ta ɗaga na ce bari in hura wuta, Inna ta shigo ta tarar da ɗaki da ɗumi. Garwashi kaɗan ake sawa, amma ni ina so laka ta ƙarasa bushewa, sai na cusa itacen bagaruwa har bakin ramin, na hura, na ja tufaniya na rufe ƙofa don kada zafi ya fita.

Sai wani tunani ya zo mini: ai ya kamata ma'aikaci ya gwada aikinsa. Na cire rigar kaki da safa don kada su yi datti, na rage daga ni sai gajeren wando. Na hau na miƙe. Jama'a, zan faɗi gaskiya ko da za a ƙara yi mini dariya: abin nan da daɗi. Ɗumi ya ratsa mini baya, ya sauka har dugadugai. Na ce ashe mata sun daɗe suna ɓoye mana wannan. Ƙirjina ya ɗan ji sanyi, na miƙa hannu na jawo abin da ke rataye a kusa na lulluɓa. Zanen Kulu ne, wani mai jan fure da ta bari. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Abin da ya fara tashe ni wata ƙara ce ƙas, ƙas, a ƙarƙashina. Kafin in gane ko mene ne, sai na ji tau! kamar an harba bindiga. Laka ce, ta bushe a waje, cikinta ɗanye, wuta ta tafasa ta. Karan da na jera kuwa ya daɗe da zama toka. Tsakiyar gadon ta burma, na tafi da mazaunai cikin ramin, ƙafafu a sama, a kan garwashi da tafasasshiyar laka. Hayaƙi da tururi suka turnuƙe ɗakin. Na yunƙura na fito, na nufi taga, hannuna ya ci karo da yaɓen da ni kaina na yi. Na laluba ta biyu, haka. Daga ƙarshe na bangaje tufaniya na faɗa tsakar gida ina ihu, "Wayyo Allah! Na mutu! Ruwa!"

Tsakar gida cike take da mutane.

Ashe sun kwana a gidan 'yan'uwa a kan hanya, suka yi sammako, suka iso tun kafin azahar. Sun yi ta sallama ba amsa, suka shigo. Ga Inna, surukata, a tsaye. Ga Gwaggo. Ga jakai biyu da kaya niƙi-niƙi. Ga matan maƙwabta sun zo barka da zuwa. Ga kuma Kulu da goyo a baya. Ashe Inna ta ji labarin na liƙe taga na yi gado, zuciyarta ta yi sanyi, ta ce ba sai an yi tafiya biyu ba, ta taho da su gaba ɗaya don ta bar mini su.

Ku sani, shekara biyu da aurena ban taɓa haɗa ido da matar nan ba. In za mu gaisa, daga bayan zana nake durƙusawa, ta amsa ta bakin wani. Yau ga ni a gabanta ba riga, baya da cinyoyi sun sha baƙar laka, wando yana hayaƙi, zanen ɗiyarta mai jan fure a naɗe a wuyana. Kunya ta ce in tsaya in durƙusa, wuta ta ce ba ta san wannan ba. Na ratsa tsakiyarsu a guje na faɗa zaune cikin kwatarniyar da na kwaɓa laka, wadda sauran ruwa ke kwance a cikinta tun ranar. Ruwan ya yi cuuu. Na sunkuyar da kai don kada in ga kowa, sai idona ya faɗa kan 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a gefen cinyata.

Inna ta juya fuskarta ga zana, ta ba ni baya kamar yadda ya kamata, ta ce, "Gwaggo, tambayam min shi. Ashe shi yah haihu?"

Matan nan suka fashe. Wata har da zama a ƙasa tana riƙe ciki. Kulu ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. (Na daɗe ina gaya wa kaina kuka take yi. Bayan shekaru ta ce mini in daina yaudarar kaina.)

Inna ba ta yi dariya ba. Ta taka har bakin ɗakin, ta leƙa ta cikin hayaƙin, ta ga ramin da tabarmar da ke ci da wuta. Da ta juyo muryarta ta sauya. Ta ce, "Da nan ɗiyata da jikata za su kwana yau." Sannan ta ce wa masu jakai, "Kak ku kwance kayan ga."

Wannan maganar ta fi garwashin ƙuna. Duk fushin da nake ji da matan da ke dariya ya gushe, domin gaskiya ta faɗa, da ban hau gadon nan ba, su za su hau. Ina zaune cikin kwatarniya na ga an juya jakai. Abin da na gani na ɗiyata a ranar shi ne tafin ƙafa ɗaya da ya leƙo daga goyo.

Na yi mako guda ina kwana rub da ciki. Da na iya tafiya, na je gidan Arzika, zaurensa cike da mutane, na durƙusa iyakar yadda ƙunar ta bar ni. Na ce ya yi mini gado. Bai yi dariya ba, bai tuna mini da komai ba, wanda da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ni ba ni da ƙasa, Malam. An rufe ramin."

Ni na je na roƙi mai unguwa, na yi alkawarin za a riƙa janye ruwan da damina. Ni na ɗauki magirbi na tone kududdufin nan da hannuna, ba kaki ba ludayi, masu wucewa suna yi mini sannu da aiki da wata irin murya. Ni na yi yawon tsintar kashin jaki a bakin kasuwa da kwando. Aka kwaɓa, aka bari ta tsima, aka juya, aka sake bari. Aka yi tubali aka shanya. Aka girka itacen giginya aka yaɓe. Kullum sai na je na ce, "Baba Arzika, a sa wuta?" Ya ɗora tafin hannu a kai ya ce, "Ba ta bushe ba." Haka muka yi ta yi, ni ina cizon yatsa, shi ko a jikinsa.

Ranar da ya ce ta bushe, mutane sun fara fitar da tabarmi waje saboda zafi. Na aika Rimawa. Amsar da Gwaggo ta kawo ita ce, Inna ta ce ɗakin da ba taga da bazara zai dafa mata jika, a buɗe ramukan nan. Na sake ɗaukar gatari.

Da Kulu ta dawo, ɗiyar har ta fara zama. Na jira kowa ya watse, na shiga ɗaki na miƙa hannu zan ɗauke ta. Ta dube ni, ta ga baƙo, ta tsandara ihu ta maƙale wa uwarta. Sai da aka yi kwana takwas kafin ta yarda da ni. Watannin nan da na rasa ba su dawo ba, kuma ba Inna ce ta ƙwace mini su ba, ba Arzika ba ne.

Tun daga lokacin, in mai sana'a ya ce mini kada, ko da raɗa ya faɗa, ko sau ɗaya, na ji. Gadon Arzika yana nan har yau ko tsaga bai yi ba, ni dai ban taɓa ɗora mazaunaina a kansa ba. Ɗiyar tawa kuwa ta girma ta yi aure a Achida. Da cikinta na fari ya tsufa za a kawo ta gida haihuwa, sai ta aiko mijinta da saƙo tun ana saura wata guda. Yaron ya durƙusa a zaure yana ta kame-kame, da kyar ya iya faɗa. Wai ta ce a gaishe ni, kuma don Allah kada in gina komai.